Kundin Aikin Ƙamusun Kalmomin Turanci Masu Nuna Yawa da Ninki

7 ga Oktoba, 2024

Yau na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta inda aikin ya kwana. Aikin kuwa shi ne haɗa ɗan ƙaramin ƙamus wanda ba zai ƙunshi komai ba sai kalmomin Turanci da ke nuna yawa da tari da ninkawa, tare da bayanin kowace ɗaya da Hausa, domin amfanin ɗaliban babbar sakandare masu shirin jarrabawar WAEC da NECO, da kuma masu fassara labarai a gidajen rediyo da jaridu. Abin da ya sa na keɓe wannan fanni shi ne abin da na daɗe ina gani a takardun ɗalibai: duk kalmar da ta zo musu da alamar yawa, ko “many” ce, ko “several”, ko “numerous”, ko “plethora”, sai su rubuta “da yawa” su wuce. Amsar tasu ba ƙarya ba ce, amma tana zubar da rabin abin da marubucin ya faɗa, domin kowace daga cikin kalmomin nan tana ɗauke da wani ƙarin bayani. Wata tana nuna cewa abin ƙirga shi ake yi, wata tana nuna auna shi ake yi. Wata adadinta sananne ne, wata kintace ne kawai. Wata kuma tana bayyana ko mai maganar murna yake yi da yawan, ko kuka yake yi da shi.

Tsarin da na ɗauka shi ne kowace kalma ta sami katinta. A kan katin zan rubuta ma'anarta, da asalinta idan sanin asalin zai taimaki mai koyo, da jimlar misali ta Turanci, da fassarar jimlar gaba ɗaya, sannan wurin da ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. A ɓangaren Hausa ina duba ƙamusun Bargery na 1934 saboda tsofaffin kalmomin ƙidaya, da na Roxana Ma Newman na 1990 wanda ya taso daga Turanci zuwa Hausa. Sai dai na ƙudura cewa ba zan karɓi wata fassara ba har sai na sa ta cikin jimla na ji ta zauna a kunne.

19 ga Oktoba, 2024

Na kammala katunan “many” da “much”, waɗanda su ne ginshiƙin sauran. Duka biyun tsofaffin kalmomi ne da suka zo tun daga tsohon Turanci: “many” daga “manig”, ita kuwa “much” daga “micel” wadda ma'anarta ta farko ita ce babba. Wannan asali yana taimakawa ƙwarai wajen bayani, domin har yau “much” girman abu take aunawa, “many” kuwa ɗaiɗaikunsa take ƙirgawa. Bature zai sa “many” a gaban awaki da littattafai da mutane, ya sa “much” a gaban ruwa da gishiri da haƙuri. Mu a Hausa ba mu raba su da kalma: awaki da yawa, ruwa da yawa. Don haka ɗalibi ba shi da abin da zai jingina da shi daga harshensa, sai an koya masa rabon a fili.

Wahalar ba a ruwa da gishiri take ba, domin kowa ya san ba a ƙirga su. Tana cikin sunayen da mu muke ƙirgawa amma Turanci ya ƙi ƙirga su. Muna cewa shawara da shawarwari, bayani da bayanai, labari da labarai, amma “advice” da “information” da “news” ba su karɓar “many”, kuma biyun farko ba a ƙara musu harafin jam'i. Haka “furniture” da “equipment” da “luggage”, waɗanda duk a wurinmu kaya ne ko kayayyaki. Idan Bature yana son ya ƙirga su sai ya aro wata kalma ya sa a gaba, ya ce “a piece of advice”, kamar yadda mu ma ba ma cewa hatsi uku, sai dai mudu uku ko dami uku. Na ware shafi guda domin waɗannan sunaye, domin a nan ne maki ya fi zubewa a jarrabawar rubutun insha'i.

Kusa da wannan akwai bambancin “few” da “a few”, wanda harafi ɗaya ke juya ma'anarsa. Idan aka ce “few people came”, ana ƙorafi ne cewa ba a zo ba sai 'yan tsiraru. Idan aka ce “a few people came”, ana nufin an ɗan samu mutane, ba laifi. Idan kuma aka ce “quite a few”, to magana ta koma yawa sosai, wato an zo ba kaɗan ba. Na rubuta jimlolin uku a jere a kati guda, domin sai an gan su tare ake gane yadda suke hawa.

2 ga Nuwamba, 2024

Makonnin nan na shafe su a kan kalmar “multiply” da danginta, kuma a nan ne na fi jin daɗin aikin zuwa yanzu. Kalmar ta shigo Turanci ta hanyar tsohon Faransanci, asalinta kuwa Latin ne, daga “multus” mai nufin yawa da “plicare” mai nufin naɗewa ko ninke abu. Wato Rumawa sun kalli riɓanya adadi a matsayin ninke tufa ko takarda, falle bisa falle. Turanci na gado, wanda bai biyo ta Latin ba, shi ma haka ya gani, domin ɗafa-ƙeyar “fold” da ke cikin “twofold” da “threefold” da “hundredfold” ita ce dai kalmar da suke amfani da ita idan za a ninke zane. Mu ma haka: ninka riga, ninka kuɗi. Harsuna uku sun haɗu a kan hoto ɗaya, kuma wannan ya sauƙaƙa mini bayani ƙwarai, domin da zarar ɗalibi ya gane saiwar, sai ya riƙa tsinto ta da kansa a cikin “duplicate” da “triplicate”, da “ply” na cikin sunan katakon nan da ake manna falle-falle, har ma da “complicate”, wadda asalinta abin da aka nannaɗe wuri guda har ya cukurkuɗe.

Amma daidai inda hoton ya taimaka, nan kuma yake da haɗari, kuma na daɗe a kan wannan katin. Idan ka ɗauki takarda ka ninke ta sau ɗaya, falle biyu za ka samu. Idan ka ninke ta sau uku, falle takwas ne, ba uku ba. To idan mai fassara ya ga “threefold” ya ce abin ya ninka sau uku, wani mai sauraro zai fahimci goma ta zama talatin, wani kuma zai iya lissafa goma ta zama ashirin, ta zama arba'in, ta zama tamanin. Turancin ba shi da wannan ruɗani: “threefold” da “triple” duka suna nufin adadin farko sau uku, goma ta zama talatin, ba ƙari. Shawarar da na yanke ita ce a ƙamusun a rubuta “ninki uku”, kuma kowane kati na wannan dangi ya zo da misalin lamba a gefensa, domin lamba ba ta barin gardama. A ra'ayina ya kamata masu karanta labarai su ma su riƙa yin haka: idan sun ce farashi ya yi ninki uku, su faɗi daga nawa zuwa nawa.

Akwai kuma amfani na biyu na “multiply” wanda ba na lissafi ba ne, inda ba wani ne ke ninka abin ba, abin ne ke ƙaruwa da kansa, kamar yadda ake faɗa game da sauro ko ƙwayoyin cuta. A nan “hayayyafa” ce ta dace, ko “yaɗu”. Ita kuwa “manifold”, wadda haɗin “many” ce da “fold”, ta bar batun adadi ta koma nufin iri-iri ko ta fuskoki da dama, kuma an fi samun ta a rubutu mai nauyi.

16 ga Nuwamba, 2024

Ɗafa-goshin “multi” na Latin da “poly” na Girkanci, wato ƙarin da ake liƙawa a farkon kalma, ma'anarsu ɗaya, kuma yawanci kowanne yana manne wa saiwar harshensa, shi ya sa ake da “multilingual” ake kuma da “polyglot” ga mai jin harsuna da yawa. Na rubuta katunan “polygon”, siffa mai kusurwoyi da yawa, da “polytechnic”, makarantar fasahohi daban-daban, da “multinational”, kamfanin da ke aiki a ƙasashe da dama. Waɗannan ba su ba ni wahala ba.

Wadda ta buƙaci kulawa ita ce “polygamy”. Ɗalibai suna fassara ta da auren mace fiye da ɗaya, kuma a yawancin rubutu haka ake nufi da ita. Amma a asali kalmar ta haɗa kowane aure da ya wuce mutum biyu, domin “gamos” a Girkanci aure ne kawai. Kalmar da ta keɓanta ga namiji mai mata fiye da ɗaya ita ce “polygyny”, kishiyarta kuma “polyandry”, wato mace mai miji fiye da ɗaya, al'adar da aka sani a wasu yankunan tsaunukan Himalaya. Ɗalibin da zai karanci ilimin zamantakewa a jami'a zai ci karo da duka ukun, don haka na haɗa su a kati guda.

30 ga Nuwamba, 2024

Na kai wa malamin lissafi na makarantarmu katunan da suka shafi fanninsa, muka zauna a kansu bayan an tashi. Da ya karanta sai ya ce mini: “Malam, yaran nan da yawansu sun iya jadawalin sau, ba lissafin ne ke kayar da su ba. Tambayar ce ba su gane abin da take nema ba.” Ya nuna mini kalmomi uku da ya ce su ne suka fi cin ɗalibansa, wato “multiple” da “factor” da “product”. Goma sha biyu “multiple” ce ta uku, domin ana samun ta idan aka yi uku sau huɗu. Uku kuma “factor” ce ta goma sha biyu, domin tana raba ta ba saura. Ita kuwa “product” ita ce amsar da ake samu bayan an ninka. Matsalar ita ce duka ukun suna da wata ma'ana a wajen ajin lissafi, inda “product” take nufin hajar da kamfani ya sarrafa, “factor” take nufin dalili ko sanadi, “multiple” kuma take nufin fiye da ɗaya. Yaron da ya haddace ma'anar kasuwa zai tsaya yana kallon takarda idan aka ce ya nemo “product” na bakwai da takwas. Mun yarda cewa kowace za ta sami ma'anoni biyu a rabe, ta lissafi a sama.

Daga nan muka shiga batun kashi cikin ɗari, wanda na ga ya shafi masu fassara fiye da ɗalibai. Ƙaruwa da kashi 100 cikin ɗari ninki biyu ne, ƙaruwa da kashi 200 kuwa ninki uku ne, domin ana ɗora ƙarin ne a kan abin da ke nan tun farko. Idan buhu yana naira 20,000 ya ƙaru da kashi 200, ya koma naira 60,000, ba 40,000 ba. Haka nan akwai tazara mai faɗi tsakanin “increase by” da “increase to”: na farko yana faɗin abin da aka ƙara, na biyu yana faɗin inda aka tsaya. Ya kuma ja hankalina ga “percentage point”. Idan kuɗin ruwa ya tashi daga kashi 20 zuwa kashi 25, ya ƙaru da maki biyar, amma idan aka auna ƙarin da adadin farko, kashi 25 ne cikin ɗari. Duka biyun gaskiya ne, kuma mai son ya girmama labari ko ya ƙanƙanta shi zai zaɓi wanda ya yi masa.

Wani abu da na saka a gefen katin “times” domin ɗalibai masu son tarihi: alamar sau da muke rubutawa kamar gicciye, wani malamin lissafi na Ingila mai suna William Oughtred ne ya yaɗa ta a littafinsa na 1631, shi kuwa Leibniz na Jamus bai so ta ba saboda tana kama da harafin x, sai ya fifita ɗigo. Har yau duka alamomin biyu suna aiki.

21 ga Disamba, 2024

An yi hutu, na samu sararin zama a kan kalmomin da suke da adadi tsayayye. “Dozen” ta riga ta zama tamu, dozin, kuma asalinta sha biyu na Faransanci. “Gross” dozin goma sha biyu ne, wato 144, kuma 'yan kasuwar sari sun san shi. “Baker's dozen” sha uku ne. “Score” kuwa ashirin ne, daga wata kalmar tsoffin mutanen arewacin Turai mai nufin tsaga ko zane da ake yi a jikin sanda, kuma bayanin da aka fi bayarwa shi ne mai ƙirga dabbobi yakan yi tsaga ɗaya duk lokacin da ya kai ashirin. Da wannan ma'ana shugaban Amurka Abraham Lincoln ya buɗe jawabinsa a garin Gettysburg a 1863, inda ya ce “four score and seven”, wato shekara 87 tun 1776, shekarar da Amurka ta ayyana 'yancin kanta. Amma idan jarida ta rubuta “scores of people” ko “dozens of people”, ba ta ƙirga ba, tana nufin gommai ne kawai, kuma wannan shi ne abin da na fi son mai fassara ya riƙe.

Mu ma muna da irin wannan ƙidaya tun zamanin wuri. Hauya ashirin ce, daidai da “score”, zangu ɗari, keso kuma wuri dubu ashirin. Na tambayi wani dattijo a unguwarmu ko ya taɓa jin ana faɗin hauya, ya ce: “Ɗana, a bakin kakata na ji ta, amma mu da ashirin muka tashi.” Zan ambaci waɗannan a gefe, ba a matsayin fassara ba, domin ɗalibin yau ba zai gane su ba sai an yi masa bayani.

Akwai wasu kalmomin da suka fara da adadi sannan suka sake shi. “Myriad” a Girkanci dubu goma ce cif, yanzu kuwa tana nufin abin da ba ya ƙirguwa. “Legion” runduna ce ta sojan Rum mai mayaƙa wajen dubu huɗu zuwa dubu shida, yanzu ana faɗinta ga kowane taro mai ɗimbin yawa. Wannan sauyi ba baƙo ba ne gare mu, domin idan muka ce na gode dubu, ko mun yi gaisuwa dubun dubata, ba wanda ya zauna ya ƙirga.

11 ga Janairu, 2025

Katin “billion” ya zama mafi tsawo a duk ƙamusun, kuma ina ganin ya cancanci haka. “Million” ba ta da rikici: Italiyanci ce, daga “mille” mai nufin dubu da ƙarin da ke nuna girma, wato babbar dubu. Ita kuwa “billion” ta fito ne daga masana lissafin Faransa na ƙarni na goma sha biyar, kuma a rubutun Nicolas Chuquet na 1484 ma'anarta miliyan sau miliyan, lamba ɗaya da sifiri goma sha biyu. Daga baya aka samu wani tsarin da ya mayar da ita miliyan dubu, ɗaya da sifiri tara, kuma shi Amurka ta ɗauka. Ingila ta daɗe a kan tsohon tsarin, sai a 1974, zamanin firaminista Harold Wilson, gwamnatinta ta bayyana cewa a ƙididdigarta za ta bi ma'anar miliyan dubu. Yau a Turanci duk inda ka ga kalmar a jarida, miliyan dubu ake nufi, amma wanda ke karanta tsohon littafin Ingila sai ya lura da shekarar da aka buga shi.

Abin da ya sa wannan ya shafe mu kai tsaye shi ne iyakar da ta ratsa ƙasar Hausa. A Faransanci na yau miliyan dubu sunanta “milliard”, kalmar “billion” kuwa tana nan da tsohuwar ma'anarta ta miliyan sau miliyan, wadda Turanci ke kira “trillion”. Shi ya sa Bahaushen Maraɗi ko Damagaram yake cewa miliyar a inda na Kano ko Katsina yake cewa biliyan. Mai fassara daga Faransanci da ya ga “billion” ya rubuta biliyan ya rage adadin sau dubu. Na sa ɗan jadawali a katin mai nuna lambar da sifirinta, da sunanta na Turanci, da na Faransanci, da yadda ake faɗinta a Nijeriya da Nijar. A ƙasan jadawalin na ƙara gargaɗi game da jaka, wadda a Nijar take nufin sefa dubu, alhali a Nijeriya an san ta da naira ɗari biyu, gadon fam ɗari na da.

Na kuma lura cewa ɗalibai suna jin miliyan da biliyan da tiriliyan kamar maƙwabta ne, musamman yanzu da ake lissafa kasafin kuɗin ƙasa da tiriliyoyi. Domin su ji tazarar, na yi amfani da daƙiƙa: daƙiƙa miliyan ɗaya ba ta kai kwana goma sha biyu ba, daƙiƙa biliyan ɗaya ta haura shekara 31, daƙiƙa tiriliyan ɗaya kuwa ta haura shekara 31,000. A ƙarshen shafin na saka “lakh” da “crore” na Turancin Indiya, wato 100,000 da 10,000,000, saboda masu hulɗar kasuwanci da neman magani a can suna cin karo da su. Na kuma saka “zillion” da “umpteen” tare da bayanin cewa ba lambobi ba ne, zuzutawa ce kawai ta maganar baka.

25 ga Janairu, 2025

Aikin wannan karon gajere ne. Ɗafa-goshin “bi” yana nufin biyu, amma bai faɗi ko sau biyu ne a cikin lokacin, ko sau ɗaya ne bayan lokaci biyu ba. “Biannual” sau biyu ne a shekara, “biennial” kuwa sau ɗaya ne duk shekara biyu. Amma “biweekly” da “bimonthly” su kansu ƙamusun Turanci suna ba su ma'anoni biyu, don haka na rubuta a katin cewa mai fassara ya duba sauran zancen, idan bai samu haske ba ya tambayi mai takardar kafin ya rubuta. A nan Hausa ta fi fayyacewa, domin “sau biyu a mako” da “mako bibbiyu” ba sa rikicewa.

8 ga Fabrairu, 2025

“Several” tana nufin fiye da biyu amma ba masu yawa sosai ba, kuma “da dama” ko “wasu 'yan” sun fi kusa da ita bisa ga “da yawa”. Asalinta ba yawa ba ne, rabuwa ne, domin danginta ɗaya da “separate”. Wannan tsohuwar ma'ana tana nan a harshen lauyoyi, inda “jointly and severally” ke nufin waɗanda suka sa hannu a yarjejeniya suna ɗauke da nauyin a tare, kuma ana iya bin kowannensu shi kaɗai a kan dukkan bashin. Wanda zai tsaya wa wani a banki ya kamata ya san wannan kafin ya sa hannu. A Nijeriya kuwa mun ba “severally” wata ma'ana, wato sau da dama, kuma ƙamusun Oxford ya shigar da wannan ma'ana a Janairun 2020 cikin jerin kalmomin Turancin Nijeriya da ya karɓa, tare da Kannywood da wasu. Na rubuta duka ma'anonin biyu, na kuma bayyana cewa ta biyun tamu ce, ba kuskure ba ce a tsakaninmu, amma wanda ke rubuta wa mutanen waje ko yake zana jarrabawa ya fi aminci da “several times”.

Sai “majority” da “plurality”, waɗanda duka muke fassarawa da rinjaye. “Majority” a ma'anarta ta tsanaki ita ce fiye da rabi. “Plurality” kuwa, musamman a Turancin Amurka, ita ce samun ƙuri'u fiye da kowane ɗan takara ko da ba a kai rabi ba. Misalan suna nan kusa da mu. Sashe na 134 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce idan 'yan takarar shugaban ƙasa sun wuce biyu, wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ya ci, muddin ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi da Abuja, kuma da haka aka bayyana Bola Tinubu a 2023 da kimanin kashi 37 cikin ɗari. A Nijar kuwa, a zaɓen Disambar 2020 Mohamed Bazoum ya fi kowa ƙuri'a amma bai haura rabi ba, don haka aka je zagaye na biyu da Mahamane Ousmane a Fabrairun 2021. Fassarar da na tsayar ita ce “rinjayen fiye da rabi” ga ta farko, da “fin kowa ƙuri'a” ga ta biyu.

22 ga Fabrairu, 2025

Yanzu ina kan kalmomin da ke nuna yadda mai magana yake ji game da yawan, kuma a nan ne “da yawa” ta fi gazawa. “Abundance” da “plenty” yawa ne na alheri, kuma yalwa da wadata sun dace da su. Ta farkon ma asalinta ruwan da ya cika ya tumbatsa. “Surplus” rara ce, abin da ya saura bayan an biya buƙata. “Glut” kuwa yawa ne da ya zama matsala, kamar lokacin da tumatir ya cika kasuwa har ya yi kwantai, farashi ya faɗi. “Plethora” ta fito ne daga tsohon likitanci, inda take nufin jini ya yi wa jiki yawa, kuma masu tsanaki a rubutu har yau suna amfani da ita ga abin da ya wuce kima, ko da yake da dama suna faɗinta a matsayin yawa kawai. A ɓangaren mutane ma haka abin yake: “crowd” taro ne ba yabo ba zargi, “throng” cincirindo ne, “mob” gungun masu tarzoma ne, “horde” kuwa, wadda ta samo asali daga kalmar Turkawa mai nufin sansanin runduna, tana ɗauke da raini da tsoro. Mai fassarar da ya mayar da duka huɗun “jama'a da yawa” ya ɓoye wa mai sauraro ra'ayin wanda ya rubuta labarin.

Hausa ba ta rasa kayan aiki a nan ba, domin muna da ɗimbin da tarin da dandazo da tuli, muna kuma da amsa-kama irin su birjik da tinjim da maƙil da rututu, waɗanda kowannensu ke zana irin yawan da ake magana a kai. Aikin da ke gabana shi ne daidaita kowace da takwararta ba tare da tilasta musu ba, kuma inda babu takwara in yi bayani da cikakkiyar jimla.

Na raba wa ɗaliban aji uku kwafin katunan “few” da “threefold” da “billion” domin in ga ko bayanin yana shiga. Wata ɗaliba ta ce: “Malam, misalin lambar ya fi bayanin saurin ganewa, da ma shi aka fara sawa.” Na karɓi shawararta, kuma zan sake jera katunan lissafi duka, misali a sama, bayani a ƙasa. Na kuma yanke cewa ƙamusun zai bi rukunin ma'ana maimakon jerin haruffa, tare da fihirisa a ƙarshe ga mai neman kalma guda. Azumi ya ƙarato, don haka rukunin aikatau, wato “proliferate” da “propagate” da “teem” da “accumulate”, da kuma sunayen garken dabbobi irin su “herd” da “flock” da “swarm”, zan fara rubuta su bayan Sallah, sannan in miƙa daftarin farko ga wata abokiyar aiki da ta yi shekaru tana fassarar labarai domin ta duba jimlolin misali.